Kama da Wane Ba Ta Wane: Ibrahim El-Salahi da Aikin Zane

A shekarar 1957 wani saurayi ɗan ƙasar Sudan ya koma gida daga Landan, bayan ya shafe shekara uku a makarantar Slade, ɗaya daga cikin sanannun makarantun koyon zane na Ingila. Sunansa Ibrahim El-Salahi, shekarunsa 27 a lokacin. Abin da aka tura shi ya koyo ya koyo shi sarai. In ya zaunar da mutum a gabansa, sai ya fitar da shi a kan ƙyalle har da inuwar da hancinsa ke yi wa leɓensa; in ya aza tulu da ƴaƴan itace a kan tebur, mai kallo sai ya ji kamar ya miƙa hannu ya ɗauka. Da ya zauna a Khartum ya kama koyarwa, sai ya tattara irin wannan aiki nasa ya baje kolinsa ga jama'a. Ranar buɗewa an samu mutane. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin abin da ya biyo baya: lemun kwalba da aka raba ne ya tara su, suna gama sha suka watse, babu wanda ya sake leƙowa.

Da zaginsa aka yi, da abin ya zo masa da sauƙi, don mai zagi ko ba komai ya dubi abin da yake zagi. Shiru aka yi masa, kamar ba a taɓa rataya komai a bangon ba. Wannan shiru ya ɗaure masa hannu har wajen shekara biyu, tambaya guda ta hana shi sakat: me ya sa mutanen da ya tashi a cikinsu, waɗanda suka san tabarma mai kyau da wuƙa mai kyau da rubutu mai kyau, suka wuce aikinsa kamar sun wuce katangar da ba a yi wa shafe ba?

Amsa mafi sauƙi ita ce a ce jama'a ba su waye ba, kuma ƴan boko da yawa, a Sudan da wajenta, sun kwanta a kan wannan amsa har suka tsufa. Salahi bai karɓe ta ba. Ya juya tuhumar kan aikinsa, ya kuma gano wani abu da ba a cika faɗa wa ɗalibi a aji ba, wato hanyar zanen da aka koya masa a Landan, wadda ake ɗauka ita ce kwafin duniya yadda take, ita ma yare ce da wasu mutane suka ƙaga a wani wuri a wani zamani. Dabarar da ke sa abin da ke nesa ya ƙanƙance, na kusa ya girma, layuka duka su tafi su haɗu a ɗigo guda, a birnin Florence na Italiya aka tsara ƙa'idojinta a ƙarni na 15. Dabara ce mai ban mamaki, amma wanda bai tashi da ita ba, ba dole ne zuciyarsa ta motsa ba don an nuna masa tulu mai kama da tulu. Yana da tulu a gida. Duk malamin da ya taɓa ganin ɗan lakwal yana auna jimlar Hausa da ma'aunin nahawun Faransanci, yana zaton nahawu ɗaya ne a duniya, ya san irin wannan ruɗu. Hausawa sun daɗe da yanke hukunci a kan lamarin da suka ce kama da wane ba ta wane. Zanen da ya tsaya ga kama kawai ya yi alkawarin abin da ba zai iya cikawa ba, mai kallo kuwa ya sani.

To, in ba kama ba, me mai zane zai miƙa wa mutane? Don neman amsa Salahi ya yi tafiya iri biyu. Ta farko da ƙafa ya yi ta: ya shiga garuruwa da kasuwannin Sudan yana duban abin da mutane ke ƙawata rayuwarsu da shi ba tare da sun kira shi fasaha ba, adon faifai da tabarmi, aikin dukawa a kan fata, zanen ƙwarya, launin ƙasa da na bangon laka. Ta biyu kuwa baya ya koma, zuwa gidan da aka haife shi a unguwar Abbasiyya ta birnin Umdurman, ranar 5 ga Satumba 1930. Mahaifinsa malami ne mai makarantar allo, irin wadda mutanen Sudan ke kira halwa. A nan Ibrahim ya fara riƙe alƙalami, ya rubuta, ya wanke allo, ya sake rubutawa. A nan kuma ya fara ganin adon da ake yi wa allon ɗalibi in ya kai wani matsayi a karatu, wanda su ke kira sharafa, ɗan'uwan zayyanar da ake yi wa mai sauka a ƙasar Hausa. Ashe hoton farko da ya taɓa burge shi a duniya a kan allo yake, shi ne ya tafi har Landan ya manta da shi.

Yadda ya koma ga wannan gado abin lura ne, don da taka tsantsan ya yi, kamar mai gwada zurfin ruwa da sanda. Da farko ƴan kalmomin Larabci ya riƙa rubutawa a kusurwar zanensa, ƙanana kamar kan sarki a jikin wasiƙa. Sai ya ga mutane sun fara matsowa. Ya baza rubutun a kan ƙyallen gaba ɗaya, suka ƙara matsowa. Wani da ya kai nan sai ya tsaya, tunda kasuwa ta buɗe, ya zama mai rubutun ado har ƙarshen ransa. Salahi ya wuce. Ya fara kwance haruffan, yana raba kan harafi da wutsiyarsa, yana duban farin da ke tsakanin baƙi da baƙi, yana neman abin da ke riƙe da harafi in an cire masa sautinsa. A cewarsa, daga cikin waɗannan gutsattsari ne siffofi suka fara ɓullowa da kansu, na dabbobi da na mutane da na tsirrai, kuma daga ranar ne yake ƙirga farkon aikinsa na gaskiya.

Ga mai karatu Bature, wannan labari na iya zama kamar sihiri. Ga wanda ya yi babbaƙu a tsangaya a Damagaram ko Maraɗi ko Tawa, babu abin mamaki a cikinsa, don tun yana ƙarami aka gabatar masa da haruffa kamar halittu masu jiki da hali. Akwai ba guje, akwai jim ƙarami koma baya, akwai ɗa mai hannu, akwai shin mai ruwa, akwai an baki wofi. Wani na gudu, wani ya waiwaya, wani ya ɗaga hannu, wani ya saki baki. Malaman da suka raɗa waɗannan sunaye don yaro ya riƙe karatu suka yi, ba su yi niyyar kafa mazhabar zane ba, amma sun ga abin da Salahi ya gani: kafin harafi ya zama sauti a baki, sura ne a ido. Bambancin kawai shi ne yaro yakan wuce wannan mataki da sauri, da zarar ya iya haɗa baƙi da wasali sai ya daina ganin hannun da bakin, ya koma jin kalma. Salahi, yana ɗan shekara talatin da shaidar Slade a aljihu, ya koma matakin da yara ke gudu su bari, ya zauna a kansa.

Abin da ya fito daga hannunsa tsakanin 1961 da 1965 shi ne ginshiƙin sunansa. Launukansa suka zama na ƙasar da ya taka: jan ƙasa, ruwan toka, rawayar yashi, baƙi, da fari mai dishi-dishi. Fuskokinsa suka yi tsawo, idanu suka zurma. A 1963 ya zana wani aiki da sunansa ke nufin "Jana'iza da Jinjirin Wata", don tunawa da Patrice Lumumba na Kwango wanda aka kashe a Janairun 1961: ramammun mutane ne ɗauke da gawa a bisa kawunansu, jinjirin wata na rataye a samansu. Babu fuskar Lumumba da aka sani a jaridu, da tabarau da ɗan gemu, amma babu wanda zai tsaya gaban zanen ya rasa sanin cewa an yi babban rashi. A 1964, shekarar da mahaifinsa ya rasu, ya yi "Sautin Ƙarshe", inda ya nemi ya zana abin da ba shi da siffa sam, wato addu'ar da ake yi a kan mai barin duniya, sauti na ƙarshe da kunnensa zai ɗauka. Da'irori ne da jinjirin wata da ɓaraguzan haruffa suna watsuwa daga tsakiya. Mafi girma a cikinsu, wanda sunansa ke nufin sautukan mafarkin ƙuruciya da suka sake haihuwa, ya ɗauke shi daga 1961 zuwa 1965, tsayinsa da faɗinsa kowanne ya haura mita biyu da rabi, kuma a kan damuriya ya yi shi, saƙar hannu ta auduga da talakawan Sudan ke sawa. Game da dogayen fuskokin nan da Turawa suka yi saurin cewa dodannin Afirka ne, shi ya ce suna tuna masa da lulluɓin da iyaye mata da kakanni ke yi in za su fita, da fuskokin masu buga ganga da bandiri da ya gani suna juyi a wurin zikiri da jana'iza.

Wannan bayani nasa shi ne mabuɗin ra'ayinsa game da zane da gaskiya. Fuskar mai bandiri da yaro ya gani cikin dare, a hasken fitila, yana riƙe da hannun babba, tsoro da sha'awa sun cika shi, ba ita ce fuskar da na'urar ɗaukar hoto za ta kama da rana ba. Ta fi tsawo, ta fi duhu, idanunta sun fi zurfi. Wace ce ta gaskiya a cikin biyun? Na'ura za ta ba da tsawon hanci daidai, amma abin da ya zauna a zuciyar yaron shekara talatin, har ya fito ta hannunsa ba tare da ya kira shi ba, shi ma ya faru, kuma babu mai iya nuna shi sai wanda ya gan shi. Wannan ɓangare na gaskiya Salahi ya ɗauka aikinsa ne.

Duniya ba ta daɗe ba ta ji labarinsa. A 1961 ƙungiyar Mbari ta Ibadan, inda su Wole Soyinka da Chinua Achebe ke haɗuwa, ta nuna aikinsa. A 1966 shi ya jagoranci tawagar Sudan zuwa bikin fasahar baƙar fata na farko a Dakar, a 1969 kuma ya halarci bikin al'adun Afirka na Aljaza'ir. Shi da Ahmed Shibrain da Kamala Ibrahim Ishag aka riƙa kiransu Mazhabar Khartum. Shi ne kuma ya yi zanen da ke cikin fassarar Ingilishi ta labarin auren Zain na abokinsa Tayeb Salih.

Akwai tambayar da mai karatu Musulmi ba zai rasa yi ba, kuma bai kamata a kewaye ta ba: ɗan malami, ya tashi a gaban allo, yaya ya ƙare da zana mutane da dabbobi, alhali an san maganar da malamai suka daɗe suna yi a kan masu yin sura? Hukunci na masu hukunci ne, sun kuma yi saɓani a kansa tun da daɗewa. Abin da za a iya faɗa shi ne yadda mutumin ya ɗauki aikinsa. Salahi mai riƙo da salla ne, mai jinin sufaye, kuma ya sha faɗa cewa yakan yi salla kafin ya zauna zane. Ba ya zama da hoton da ya riga ya gama a ransa don ya sauke shi a takarda. Yakan fara da ɗan abu ƙarami a tsakiya, ɗigo ko lanƙwasa, wanda yake kamantawa da ƙwayar iri, sa'an nan ya bi shi duk inda ya nufa, shi kansa bai san abin da zai zama ba sai ya zama. Yana ganin kansa mashigi ne da abin ke bi ya fito. Ko mutum ya yarda da wannan ko bai yarda ba, akwai tazara mai faɗi tsakanin mai cewa zo ka ga na yi mutum kamar zai yi magana, da mai cewa ga abin da ya zo ta hannuna, ni ma yanzu nake ganinsa. Abin da ake tsoro a sura shi ne gasa da Mahalicci da girman kai na mai yin ta. Wani abin dariya a nan shi ne zanen da ya yi a Slade, mai kama da rai, shi ya fi kusa da wannan zargi. Wanda ya yi bayan ya koma ga allo bai taɓa yin da'awar cewa shi ne wane ba.

Ya kuma ce mai zane da mutum uku yake magana: da kansa, da mutanen da ya fito daga cikinsu, da kuma ɗan Adam ko'ina yake. Baje kolin Khartum ya koya masa abin da ke faruwa in an tsallake na tsakiya. Ga shi kuwa nan ne masu fasaha da marubutan Afirka suka fi yawan tuntuɓe, a rubuta don kai, a aika Faris ko Landan, a bar maƙwabci yana tambayar me ake yi a ɗakin nan.

Daga 1969 rayuwarsa ta ɗauki wata hanya. Ya yi aikin al'adu a ofishin jakadancin Sudan a Landan har 1972, sa'an nan gwamnatin Ja'afar Numairi ta kira shi gida ta ba shi shugabancin sashen al'adu, har ya kai muƙamin babban sakatare a ma'aikatar al'adu da watsa labarai. A farkon Satumban 1975 wasu sojoji suka yi yunƙurin juyin mulki bai yi nasara ba. Cikin ƴan kwanaki aka kama Salahi bisa zargin yana da hannu, aka kai shi gidan kason Kobar. Ya yi wata shida da kwana takwas ba a kai shi gaban alƙali ba, aka sake shi ranar 16 ga Maris 1976. Su goma ne a ɗaki, bokiti guda suke amfani da shi. Wanda aka kama da takarda ko abin rubutu, ɗakin kaɗaici za a jefa shi. Duk da haka ya samu guntun fensir, ya riƙa yayyaga takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana yana zane a kansu, in ya ji motsin gandiroba sai ya tura su cikin yashi. Ya ba da labarin wata albasa da ya shuka a harabar gidan don idanunsu su riƙa sauka kan wani abu kore. Ranar da aka sake shi bai tono ko ɗaya daga cikin zanen ba, a cikin yashin Kobar ya bar su. Abin da ya fito da shi a kansa ne ya zuba a wani ɗan littafi na zane da rubutu da ya yi a 1976 yana tsare a gida, wanda aka sani da "Littafin Kurkuku".

Sai dai ya fito da wani abu da ya fi littafin, wato hanyar aiki. Wanda ba shi da takardar da ta wuce tafin hannu, amma ransa na ganin babban hoto, dole ya zana shi gutsure-gutsure, kowane gutsure ya isa kallo shi kaɗai, in an jera su kuma su zama abu guda. Bayan ya bar Sudan ya zauna Katar a 1977, ya mai da wannan larura ƙa'ida. Ya ajiye launi shekaru masu yawa, ya riƙe baƙar tawada da farar takarda, kayan aikin makarantar mahaifinsa. Yakan fara a takarda guda. In layi ya kai bakin takardar yana neman wucewa, sai ya kawo wata ya jona masa, a dama ko a hagu ko a sama, hoton na yaɗo kamar kabewa a kan danga, har sai ya tsaya don kansa. Ta haka ya yi babban aikinsa na 1984 zuwa 1985, wanda sunansa ke nufin "Abin da Ba Makawa", falle tara da in an haɗa su tsayinsu ya haura mita biyar. Jama'a ce ta yunƙuro, damatsa a ɗage, jikin mutane ya cakuɗe da wasu siffofi kamar ƙarafan inji. Masu sharhi sukan kwatanta shi da zanen da Picasso ya yi a 1937 kan ruwan bama-baman da aka yi wa garin Guernica. A watan Afrilun 1985 mutanen Khartum suka fito tituna, mulkin Numairi ya faɗi.

Ba daidai ba ne a ba da wannan labari kamar na waliyyi. Mutumin da Numairi ya ɗaure, shekara uku ya yi yana yi wa gwamnatin Numairi aiki a babban matsayi, kuma Kobar ba ranar da ya shiga aka fara tara mutane a cikinsa ba. Haka ita ma Mazhabar Khartum ba ta tsira daga suka ba. Tun cikin shekarun 1970 matasan masu zane suka zarge ta da mai da gado kayan ado, irin wanda hukuma ke so don ta ce ga fuskar ƙasa, baƙi kuma ke so don su saya su tafi da shi. A 1976 Kamala Ishag da kanta, tare da wasu ɗalibanta, suka fitar da wata sanarwa da ta juya wa tafarkin baya. Akwai kuma tambaya mai nauyi: a ƙasar da ta yi yaƙin basasa daga 1955 zuwa 1972, wadda kudancinta ya ɓalle a 2011, harafin Larabci zai iya zama fuskar kowa? Sukar tana da ƙarfi, kuma ta kama masu kwaikwayo da yawa waɗanda suka ɗauka in an watsa alif da lam a kan ƙyalle an gama aiki. Shi Salahi ba ta kama shi duka ba, saboda bai tsaya ga harafin ba. Ya shiga ta cikinsa ya fita ta wancan gefe, inda babu sauran abin karantawa, sai sura da kowa zai iya tsayawa a gabanta.

A 1998 ya koma birnin Oksfod na Ingila da zama. A can, cikin ƙasar da ciyawa ba ta bushewa, launi ya dawo masa, kuma abin da ya zo da shi itacen gida ne. Shekaru ya yi yana zana itacen da mutanen Sudan ke kira haraza, wanda ke tsirowa a gaɓar kogin Nilu. Haraza kuwa ba wani ba ne illa gawo. Manomin Matamai ko Magarya ba ya bukatar a yi masa bayanin halinsa: da damina, sa'ad da kowane itace ke ado da ganye, shi sai ya kaɗe nasa ya tsaya tsirara, ya bar wa gero rana, da rani, sa'ad da duniya ta bushe, sai ya yi kore shar, ya ba dabbobi inuwa da ƴaƴa. Tarihin baka na Damagaram na cewa sarakunan ƙasar sun hana sare shi, da horo mai tsanani ga wanda ya taɓa shi. Mutanen Sudan kuwa cewa suke yi faɗa ya yi da ruwan sama, shi ya sa ba sa ga maciji. Wannan taurin kai ne ya ja hankalin Salahi, ya ga hoton mai tsayawa a kan ra'ayinsa ko da kowa ya bi wata hanya.

Amma wanda ya je neman gawo a waɗannan zane-zane, da ƙayarsa da kaushin ɓawonsa, zai dawo hannu wofi. A yawancinsu layi ne guda miƙaƙƙe daga ƙasa zuwa sama, wasu siraran layuka sun gitta shi, an ja su da ma'auni cikin natsuwa kamar shafin da aka shirya don rubutu. Wani ya yi kama da mutum a tsaye ya buɗe hannuwa, wani ya yi kama da allo a jingine. Ya cire ganye, ya cire reshe, ya bar abu guda, tsayuwa tsakanin ƙasa da sama. Saurayin da ya iya zana inuwar hanci a 1957 ya kai shekara saba'in kafin ya yarda wa kansa ya zana itace da layi ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa hango gawo shi kaɗai a tsakiyar gona cikin watan Agusta zai gane shi.

Girmamawa ta zo, ko da yake ta yi jinkiri. A 2001 aka ba shi lambar Yarima Claus ta ƙasar Holan. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya baje kolin aikin rayuwarsa gaba ɗaya, karo na farko da ya yi wa wani mai zane ɗan Afirka haka, shekara 56 bayan ya bar makaranta a wannan birni. A Fabrairun 2017, da gwamnatin Amurka ta hana ƴan wasu ƙasashen Musulmi shiga ƙasarta, har da Sudan, babban gidan fasahar zamani na Niyok ya mai da martani ta hanyar rataya zanensa na 1964 mai suna "Masallaci" a ɗaki ɗaya da aikin Picasso. Sai dai akwai ɗaci a cikin wannan nasara. Mutumin da ya sake aikinsa tun daga tushe don mutanen Khartum su matso, manyan zanensa a Landan da Niyok da Sharja suke, inda ɗan Abbasiyya ba zai kai ba sai da biza. Tun daga Afrilun 2023 kuma yaƙi ya ci Khartum da Umdurman, miliyoyin mutane suka bar gidajensu, aka wawashe gidan tarihi na ƙasa. Mutanen tsakiyar nan, na biyu a cikin ukun da ya ce mai zane ke magana da su, sun watsu a Masar da Cadi da wasu ƙasashe.

Tun wajen 2016, da ciwon baya ya hana shi tsayuwa gaban babban ƙyalle, Salahi ya koma inda ya saba komawa in wuri ya ƙure masa. Yana zaune a kujera, in ya shanye maganin rage zafi sai ya kwance kwalin, ya juya farin cikinsa, ya ɗauki alƙalami. Ya ce muddin yana zane ba ya jin ciwon. Ɗaruruwan ƙananan hotuna suka taru ta haka, a kan kwalayen magani da bayan ambulan: fuskoki, tsuntsaye, itatuwa, da wasu halittu da ba su da suna. Waɗanda ya yi lokacin annobar korona, a 2020 da 2021, an nuna su a babban bikin fasaha na birnin Venise a 2022, yana da shekara 91. Wasu an faɗaɗa su an buga a kan manyan ƙyallaye, kamar yadda ya yi fata ga gutsattsarin da ya binne a Kobar. A kan na asalin kuwa ana ganin karyewar kwalin inda aka naɗe shi, da ɗan yagewar da ya yi wurin buɗewa, layin tawada ya zo bakin karyewar, wani wuri ya tsaya, wani wuri ya tsallaka.